MASU TSEREN MOTA MA BA SU GAGGAWA WAJEN ZUBA MAI

Da sassafe a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, tun ba a buɗe kantuna ba, ƴan ruwa-ruwa sun jera kwalaben fetur a kan tebur a bakin hanya. Ɗan kabu-kabu ya tsaya da fasinja a bayansa. Sau da yawa ba ya kashe babur, ba ya kuma sauka. Yana zaune zai buɗe tanki tsakanin cinyoyinsa, yaro ya kafa mazurari ya juye masa lita guda. Can gefe mai shayi yana fifita gawayi. Kafin minti ɗaya ya cika babur ya wuce.

Haka ake yi a Zariya. Haka ake yi a Tibiri ranar kasuwa. Haka kuma ake yi a lambunan Jiratawa, inda manomi kan ƙara wa injin ban ruwa mai alhali injin yana aiki, don kada ruwa ya yanke. Da yake yawancin ranaku ana wanyewa lafiya, mutane sun ɗauka ba komai.

Akwai mutanen da suka fi kowa son sauri a duniya, su ne masu tseren mota da babur. A wurinsu daƙiƙa guda tana raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. Amma in lokacin zuba mai ya yi, su ne suka fi kowa natsuwa. Suna da dokoki da ba a ƙetarewa. Yawancin dokokin nan ba su cin ko dala, kuma manomi da makiyayi da ɗan kabu-kabu za su iya aiki da su tun yau.

TSEREN JURIYA

Tsere iri biyu ne. Akwai na gajeren zango, kamar sukuwar dawaki. Akwai kuma na juriya, wanda ake wuni ana gudu, a kwana ana gudu. Wanda ya fi suna shi ne na garin Le Mans a ƙasar Faransa. An fara shi a shekarar 1923. Awa 24 ake yi ba hutu. Direbobi uku suke karɓa-karɓa a mota ɗaya. Motar da ta ci takan yi tafiyar kilomita wajen 5000, ta kuma tsaya shan mai kusan sau 30.

Dattawan Nijar sun san wani tseren, wato Paris-Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ƙirƙiro shi. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Paris. Suka ratsa Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai, suka shiga Mali. Ranar 14 ga Janairu 1979, guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Yawancin waɗanda suka yi tafiyar ba ƙwararru ba ne, ƴan sha'awa ne da suka sayi abin hawa da kuɗin aljihunsu. Shekaru da yawa tseren yana ratsa hamadar Tenere. A 2009 aka mai da shi Amurka ta Kudu, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa.

Har yau akwai tseren ƴan sha'awa. A Amurka akwai wani da ake kira Lemons, an fara shi a 2006. Makanikai da malamai da ƴan kasuwa suke haɗa kuɗi su sayi tsohuwar mota su shiga. Dokarsu ta ce kada kuɗin motar ya wuce dalar Amurka 500. Amma ba a sa kuɗin kayan kariya a cikin wannan lissafi. Mota ta zama akwala, ba laifi. Kayan tsare rai kuwa ba a yarda a yi musu rowa ba.

DOKOKIN ZUBA MAI

Ga yadda ƴan sha'awar nan suke zuba mai idan motarsu ta shigo:

1. A kashe inji, a kuma yanke wutar batir.

2. Direba ya fito. Ba a zuba mai da mutum a cikin mota.

3. A dakatar da kowane aiki. Ba a taɓa taya, ba a buɗe inji, sai an rufe tanki.

4. Mutum biyu ne aƙalla suke aikin. Ɗaya yana zubawa. Na biyu yana tsaye da tukunyar kashe gobara a hannu, ya saita bakinta, ba ya yin komai sai kallo.

5. Dukkansu sun rufe jiki da kayan da ba su saurin kama wuta, da safar hannu, da hular kwano an sauke gilashinta.

6. Da jarkar da aka ƙera musamman don fetur ake zubawa, mai cin lita wajen 20. Ana ajiye faranti a ƙasa don ya tare abin da ya ɗiga.

Wata ƙungiyar ƴan sha'awa mai suna ChampCar ta ƙara da wata dabara. Duk motar da ta tsaya shan mai, dole ta yi minti 5 kafin ta tashi, ko da an gama zubawa a minti ɗaya. Ta haka gaggawa ba ta da riba. A tseren Dakar ma, idan masu babura suka iso wurin shan mai a tsakiyar hamada, ana tsayar musu da agogo. Lokacin da suka ɓata a wurin ba ya shiga lissafi. Masu shirya tsere sun gane cewa mutumin da ke sauri shi ne yake zubar da mai.

Ba haka kawai aka kafa dokokin ba, wuta ce ta koyar da su. A watan Yuli 1994, a filin tsere na Hockenheim a Jamus, wani direba ɗan ƙasar Holan mai suna Jos Verstappen ya tsaya shan mai. Fetur ya fantsama a kan mota mai zafi. Nan take wuta ta rufe mota da direba da makanikai. Amma kowa yana sanye da kayan kariya, masu tukwane kuma suna kusa. Cikin ƴan daƙiƙu aka kashe ta. Direban ya fita da ƴar ƙuna a fuska, ba wanda ya mutu. Daga shekarar 2010 aka hana zuba mai a tsakiyar irin wannan tseren, wanda ake kira Formula 1.

HALIN FETUR

Mutane da yawa suna zaton ruwan fetur ne yake kamawa. A gaskiya tururinsa ne. Warin nan da ake ji idan an buɗe jarka, shi ne tururin. Ido ba ya ganinsa. Fetur yana fitar da shi ko a ƙasar da ruwa yake daskarewa don sanyi, balle a Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40.

Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, yana malala kamar ruwa. Yana shiga rami da kwata da ƙarƙashin gado. Zai iya yin tafiyar taku da yawa har ya tarar da murhu ko fitila. In ya tarar, wuta ta biyo shi da gudu har bakin jarka. Kuma ba ya bukatar yawa. In ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi guda ya isa.

Ina tartsatsin yake fitowa? Daga taba sigari da ashana, kowa ya san wannan. Amma yana fitowa daga wayar batir da ta kwance, da janareta, da injin da ke aiki. Salansar babur da ya yi tafiya tana da zafin da zai iya kunna fetur ba tare da ashana ba. Akwai kuma wata wuta da jiki da tufafi suke tarawa. Da hunturu, in mutum ya tuɓe rigar leda cikin duhu, yakan ji ƙas-ƙas ya ga ɗan haske. Wannan ma tartsatsi ne, yana kuma kunna tururin fetur. Shi ya sa a Le Mans, kafin a sa tiyo a tanki, sai an maƙala wa mota wata waya da za ta zubar da wannan wuta a ƙasa. Shi ya sa kuma ake cewa a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta a kan babur ko a bayan mota.

Jarka ko tanki ko duro da aka juye ba fanko ba ne. Tururi ne cike a ciki. Mai walda da ya sa wuta a tankin da ba a wanke sosai an cika da ruwa ba, yana wasa da ransa.

Gazuwal bai kai fetur saurin kamawa ba, kananzir yana tsakaninsu. Amma kananzir da aka gauraya da fetur yakan fasa fitila ko risho. Kada a zuba kananzir a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur.

KAYAN JIKI

Rigar mai tsere ana saƙa ta da wani zare mai suna Nomex, wanda aka fito da shi a shekarun 1960. Ba ya narkewa, ba ya kuma ci gaba da ci in an janye wuta. Rigar tana da ninki biyu ko uku, a ciki kuma akwai ƴar shara da wando da safa da hular da ta rufe fuska, duk na irin zaren nan. Kayan ba su hana ƙuna har abada. Lokaci kawai suke saya wa mutum. Ranar 29 ga Nuwamba 2020, a ƙasar Baharain, motar wani direba mai suna Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama wuta. Ya yi daƙiƙa wajen 28 a cikin wutar, ya fito da ƙafafunsa. Bayan hannuwansa ne suka ƙone.

Manomin Jiratawa ba zai sayi irin wannan riga ba, tana da tsada. Amma akwai darasi a ciki. Abin da masu tsere suka fi tsoro shi ne tufafin leda, irin rigunan ƴan ƙwallo da yadin roba. In wuta ta taɓa su narkewa suke yi, su manne a fata, ƙunar ta yi zurfi. Auduga tana ci, amma ba ta narkewa. Fata da ulu sun fi jimiri. Saboda haka mai sana'ar fetur ya sa rigar auduga mai kauri da dogon hannu, da takalmi rufaffe na fata, ba silifa ba. Ya guji babbar riga da rawani mai jela lokacin zubawa. In fetur ya zube a riga, a tuɓe ta nesa da wuta, a shanya ta a iska, a wanke jiki da sabulu. Rigar da ta sha fetur lagwani ce.

KAYAN KASHE WUTA

Ba a kashe wutar fetur da ruwa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, yawo yake yi a samansa. Wanda ya watsa bokitin ruwa ya ɗauki wutar ne ya kai ta inda ba ta kai ba.

Abin da ya fi shi ne jar tukunyar nan mai gari a ciki, wadda aka rubuta wa ABC a jiki. Ana ganinta a gidajen mai. Aiki da ita ba wuya. A zare ƙusar da ke wuyanta. A tsaya taku biyu ko uku daga wutar, iska tana bayan mutum. A saita gindin wutar, ba harshenta ba. A matsa, a riƙa sharewa dama da hagu. Garin ba ya daɗewa, sau da yawa ba ya kai rabin minti. Shi ya sa mai riƙe da ita ba ya barin wurin. A riƙa duba allurar da ke kanta, in ta fita daga kore a kai a sake cikawa.

In mutum ɗaya ba zai iya saya ba, ƴan ruwa-ruwa na layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi guda. Haka ma tashar ƴan kabu-kabu, haka ma ƙungiyar manoman lambu. Inda babu tukunya, akwai rairayi, kuma ƙasar Maraɗi ba ta rasa shi ba. Bokiti biyu na busasshen rairayi da shebur a gefen tebur suna kashe ƙaramar wuta, suna kuma shanye man da ya zube. Bargo mai kauri na auduga ko buhun algarara da aka jiƙa yana toshe wa ƙaramar wuta numfashi. Buhun leda kuwa ƙara mata abinci yake yi.

A BAKIN HANYA, A LAMBU, A DAJI

Maraɗi tana kusa da iyakar Nijeriya. Shekaru da yawa fetur yana shigowa ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa a cikin jarkoki. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, Nijeriya kuma ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023, amma sayar da mai a kwalba bai ƙare ba, domin ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai. Tun da haka ne, dokokin masu tsere sun dace da kowa.

Ɗan kabu-kabu ya kashe babur, ya sauka, fasinja ma ya sauka. Wanda ke zaune a kan babur, in wuta ta tashi, a cinyarsa za ta tashi, kuma ba shi da hanyar gudu. Kada a cika tanki har baki, domin fetur yana kumbura da zafi. A goge abin da ya zube, a tura babur gaba kaɗan kafin a tayar.

Mai sayarwa ya nisanci mai shayi da mai tsire da mai tuyar ƙosai. Ya ajiye jarkoki a inuwa, a rufe, inda iska ke ratsawa. Kada a kwana ɗaki ɗaya da fetur. Kada a ajiye shi a kicin ko kusa da rumbu. Da dare a haska da tocila, ba da ashana ko aci-balbal ba. Kada a zuƙo mai da baki ta tiyo, domin in ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani. Kada a bar fetur a kwalbar lemo inda yara suke. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita.

Manomin da ke noman rani a fadamar Gulbin Maraɗi, daga Jiratawa har Tibiri, ya dubi injinsa da kyau. Tankin yana zaune ne a saman inji, dab da salansa. A kashe shi, a bar shi ya huce na ƴan mintoci, sa'an nan a zuba da mazurari. Albasa da tumatir da zogale ba za su mutu don ruwa ya yanke na minti biyar ba. A share kara da busasshiyar ciyawa daga gefen inji. Jarka ta zauna taku goma daga wurin. Ba aikin ƙaramin yaro ba ne.

Makiyayi da ke ɗaukar jarka a babur zuwa ruga, ya zuba mai a fili mai rairayi, ba cikin ciyawa ba. Bayan damina, wutar daji tana cinye makiyaya a arewacin jihar Maraɗi, wajajen Dakoro. Ciyawar da ta ƙone a watan Nuwamba, dabbobi ne za su biya kuɗinta da bazara.

IN TANKA TA FAƊI

A daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Jama'a suka taru da jarkoki da bokitai suna kwasa. Shaidu sun ce daga wani babur da aka kawo kusa wutar ta tashi. Mutum fiye da 50 suka mutu nan take, daga baya adadin ya haura 70. Ranar 15 ga Oktoba 2024 haka ta faru a garin Majiya na jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025, a mararrabar Dikko ta jihar Neja a Nijeriya, an kunna janareta don a juye man tankar da ta faɗi zuwa wata. Fiye da mutum 80 suka halaka.

Talauci ne yake jan mutane zuwa wurin, kowa ya sani. Amma garin neman gira ake rasa ido. Inda tanka ta zubar da dubban litoci, tururi ya riga ya rufe wurin, duk wanda yake tsaye a ciki yana tsaye ne a kan wuta da ba a kunna ba tukuna. A yi nisa sosai, a bi ɓangaren da iska take fitowa. A hana yara zuwa. Kada a tayar da inji ko ɗaya. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, a sanar da jandarma da mai gari.

IN WUTA TA KAMA MUTUM

Kada ya ruga da gudu, gudu yana hura wuta. Ya faɗi ƙasa, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta birgima. Na kusa su lulluɓe shi da bargo. In wutar ta mutu, a nan ne ruwa yake da amfani. A riƙa kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Kada a fizge tufafin da suka manne. Kada a fasa ƙurajen ruwa. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka, ko kashin shanu. A rufe da tsumma mai tsabta a kai shi asibiti, musamman in yaro ne, ko in ƙunar ta taɓa fuska da hannu, ko ta fi tafin hannu faɗi.

Mai tseren da ya ƙetaro teku, ya kashe dukiyarsa don ya riga kowa isa, yana yarda ya tsaya minti 5 a gaban jarka. Ɗan kabu-kabun Zariya da manomin Jiratawa ba su fi shi sauri ba. A kashe inji, a sauka, a nisanci wuta, a ajiye rairayi kusa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba.